Wane fanni zan karanta a digirin farko idan ina son shiga makarantar PA (mataimakin likita) a Amurka?

"Assalamu alaikum Malama. Ina zaune a Bronx tare da iyayena, na gama shekarar farko a wata kwalejin CUNY, jami'ar birnin New York, an kuma ce kafin wannan zangon ya ƙare in bayyana fannin da zan yi digiri a kai. Burina in zama PA. Baba ya dage sai bayoloji, wai shi ne karatun masu aikin asibiti. Gwaggona nas ce, ta ce in yi karatun jinya. Ni kuwa ilimin halayyar ɗan Adam nake jin daɗinsa, ga shi a kemistiri na farko C na samu. Wanne zai fi ba ni damar samun gurbi? Sannan ɗan kawuna yana karatun PA a Ghana, yana tambaya ko zai iya zuwa nan ya yi aiki da takardarsa."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da kike son sani shi ne ko akwai wani fanni da makarantun PA suka fi so, wanda da ganin sunansa a takardarki za su kira ki. Babu shi. Makarantun suna neman digirin farko daga jami'ar da aka amince da ita, ko a wane fanni ne, sannan su duba wasu darussa na sharaɗi, makin da kika samu a cikinsu, da awannin da kika yi kina kula da marasa lafiya da hannunki. Saboda haka fannin da ya dace da ke shi ne wanda zai bar ki ki cika waɗannan ukun da kyau, ya kuma ba ki abin yi idan gurbin bai samu a neman farko ba. C ɗin kemistirin nan ta fi damuna a kan sunan fannin, zan kuma dawo kanta.

Domin Baba da duk wanda bai saba da sunan ba: PA mataimakin likita ne mai lasisi, yana duba mara lafiya, ya sa a yi gwaji, ya gano cuta, ya rubuta magani, ya taimaka a tiyata, tare da likita. Aikin ya faro ne a Jami'ar Duke a 1965, lokacin da Dakta Eugene Stead ya ɗauki tsofaffin ma'aikatan lafiya na sojan ruwa su huɗu ya horar da su. Wannan asalin ne ya sa har gobe makarantun suke fifita wanda ya taɓa aikin asibiti kafin ya zo. Yau akwai makarantu sama da 300 da ARC-PA, hukumar da ke tantance makarantun PA, ta amince da su. Karatun digiri na biyu ne, yawanci wata 24 zuwa 28 ba dogon hutu, rabi a aji rabi a asibiti, daga nan sai jarrabawar PANCE ta samun shaidar zama PA, mai tambayoyi 300. Mafi yawan makarantun ta CASPA ake nemansu, fom ɗaya a intanet da ke buɗewa a ƙarshen Afrilu kowace shekara.

Darussan sharaɗi

Kowace makaranta da jerinta, amma akwai waɗanda kusan ba a rasawa: anatomi da fiziyolojin ɗan Adam zango biyu tare da lab, kemistiri na gama-gari zango biyu tare da lab, bayoloji na gama-gari zango ɗaya ko biyu, ilimin ƙwayoyin cuta wato maikrobayoloji tare da lab, sai oganik kemistiri ko bayokemistiri, wasu kuma duka biyun suke so. A kan waɗannan akwai ilimin ƙididdiga, ilimin halayyar ɗan Adam, da darasin kalmomin likitanci. Wasu suna ƙara ilimin gadon halitta, wato jenetiks. Idan kika tara su za su kai kiredit (ma'aunin nauyin darasi) 40 ko kusa da haka, cikin 120 da ake buƙata a digiri. Wato ko wane fanni kika ɗauka, kashi ɗaya cikin uku na karatunki an riga an tsara miki shi.

A nan ne mutane suke yin asarar shekara guda ba su sani ba. Kwalejoji da yawa suna da kemistiri iri biyu, na ɗaliban kimiyya da wanda aka sauƙaƙa wa ɗaliban jinya da sauran fannonin lafiya. Haka ma maikrobayoloji. Makarantun PA da dama na ɗaliban kimiyya kawai suke karɓa, don haka kafin ki yi rajistar kowane darasi ki duba lambarsa da bayaninsa, ki tabbatar ba na waɗanda ba 'yan kimiyya ba ne. Anatomi da fiziyoloji idan an haɗa su kashi na ɗaya da na biyu, ki yi dukansu a kwaleji ɗaya, domin kowace kwaleji da yadda take raba sassan jiki tsakanin zangunan, kada ki tashi kin karanta ƙoda sau biyu ba ki taɓa jijiyoyi ba. Wasu makarantun ba sa karɓar kiredit ɗin AP, wato darussan matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, wasu ba sa karɓar lab da aka yi ta intanet, wasu kuma darasin da ya haura shekara biyar zuwa goma ya tsufa a wurinsu, sai an sake shi. Mafi yawa C ce mafi ƙarancin abin da suke karɓa a darasin sharaɗi, akwai masu cewa sai B ko abin da ya yi kusa da ita.

Yadda CASPA ke lissafin maki

GPA, wato matsakaicin maki inda A take 4, B 3, C 2, wanda ke kan takardar kwalejinki ba shi kwamitin ɗaukar ɗalibai zai gani ba. CASPA tana sake lissafi daga tushe, ta fitar da na gaba ɗaya, da na kimiyya, da wanda ake kira BCP, na bayoloji da kemistiri da fizis kaɗai. Abu biyu ne ya kamata ki riƙe. Na farko, ba a goge darasin da aka maimaita. Ko kwalejinki ta yafe tsohon maki, CASPA za ta saka duka biyun. Kemistiri mai kiredit 4 da kika samu C, idan kika sake shi kika ci A, abin da zai fito shi ne 3.0 a kan kiredit 8. Na biyu, darussan lissafi da na ilimin halayyar ɗan Adam ba sa shiga makin kimiyya a tsarinsu. Ko A goma kika jera a darussan halayya, GPA na gaba ɗaya ne zai tashi, na kimiyya ba zai motsa ba.

Wannan na biyun shi ne haɗarin da ke cikin zaɓinki, kuma shi ne ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Mai digirin bayoloji yana da kiredit 60 ko 70 na kimiyya, C ɗaya sai ta narke a ciki. Ke idan iyakar darussan sharaɗi kika yi, kiredit ɗinki na kimiyya bai fi 32 ba. C biyu masu kiredit huɗu-huɗu, sauran duka B, sun kai ki 2.75, ƙasa da 3.0 da yawancin makarantu suka sa a matsayin ƙofa. Ƙofar ma ta a karɓi fom ce kawai. Waɗanda ake ɗauka matsakaicinsu yana wajen 3.5 zuwa 3.6. Gyaran GPA kuwa yana ƙara tsada da tafiyar lokaci: wanda yake da 2.8 bayan kiredit 60, sai ya riƙe 3.8 a sauran 60 ɗin kafin ya gama da 3.3.

To, ki sake kemistirin? Idan C ce cikakkiya ba mai ragi ba, ni ba na ba da shawarar maimaitawa, sai dai in makarantar da kike hari ta ce B take so. Gara ki ci A a kashi na biyu, ki kuma yi kyau a bayokemistiri, domin abin da kwamiti ke so ya gani shi ne darussa suna ƙara wuya makinki yana hawa. Amma ki binciki abin da ya jawo C ɗin. Idan aiki ne ya cinye lokacinki ko ba ki saba da jami'a ba tukuna, wannan mai gyaruwa ne. Idan lissafin da ke cikin kemistirin ne ya kayar da ke, ki gyara aljebra kafin ki shiga kashi na biyu, don can lissafin ya fi yawa.

Bayoloji, jinya, da abin da ranki ke so

Baba bai yi kuskure ba da ya ce bayoloji ne aka fi gani; shi ne fannin da ya fi yawa a cikin masu nema. Amfaninsa a fili yake: darussan sharaɗi da yawa suna cikin manhajarsa, ɗalibansa su ake fara bai wa kujera a lab, kuma idan wata rana kika sauya ra'ayi zuwa likitanci ko haƙori ko harhaɗa magunguna, hanya a buɗe take. Sai dai digirin bayoloji yakan tilasta miki abubuwan da yawancin makarantun PA ba su tambaya ba, kamar fizis zango biyu, kalkulas, da oganik kashi na biyu, kuma su ne darussan da suka fi jan GPA ƙasa. Abin mamaki, a kwalejoji da yawa anatomin ɗan Adam ba ya cikin dole a manhajar bayoloji, sai ɗalibi ya nemo shi da kansa. Ga kuma maganar aiki: digirin farko a bayoloji shi kaɗai ba ya ba da lasisin komai. Mai C a kemistiri na farko da za ta shiga wannan don kawai a ce ta yi bayoloji, ina jin tsoro a kanta.

Shawarar Gwaggo ta fi ƙarfi ta fuskar abin dogaro. Kin gama digirin jinya, kin ci jarrabawar NCLEX, kin zama nas mai albashi, awanninki kuma suna cikin mafi daraja da kwamiti zai gani. Matsalarta uku. Manhajar jinya a ɗaure take, zango bayan zango, da wuya ki sami gurbin cusa oganik ko bayokemistiri, kuma kemistirinta sau da yawa wancan mai sauƙin ne, don haka sai kin koma aji bayan kin gama. Awannin da kika yi a asibiti kina ɗaliba yawanci ba a ƙirga su, sai na bayan kin fara aiki. Sannan nas tana da tata hanyar, wato NP, babbar nas mai ƙarin digiri da ke duba mara lafiya ta rubuta magani, hanyar da ake iya karantawa ana aiki, kuma a jihohi da yawa NP tana da 'yancin aiki ba tare da likita a kanta ba. A ganawar baki za a tambaye ki dalilin da ya sa ba ki bi wannan ba. Akwai amsa mai kyau, cewa PA ana horar da shi a tsarin likitoci, yana kuma iya sauya sashe daga tiyata zuwa yara ba tare da komawa makaranta ba. Amma idan ba ki son aikin jinya don kansa, kada ki tsare kujerar wata har shekara huɗu.

Ilimin halayyar ɗan Adam fanni ne mai kyau ga PA. Kiredit ɗinsa na dole ba su da yawa kamar na kimiyya, don haka darussan sharaɗi suna shiga cikin na zaɓi ba tare da kin ƙara zango ba, ƙididdiga da halayya kuma suna ciki tun asali. Ɓangaren masu taɓin hankali yana cikin sassan da kowane ɗalibin PA yake zagayawa, kuma mai ciwon suga da ya ƙi shan magani, fahimtar halinsa rabin aikin ne. Sharaɗina ɗaya ne: ki ƙara darussan kimiyya na manyan aji biyu ko uku a kan na dole, kamar ilimin gadon halitta, ilimin garkuwar jiki, ko ilimin yadda cuta ke sauya aikin jiki. Suna faɗaɗa kiredit ɗin kimiyyarki, suna kuma nuna cewa za ki iya ɗaukar nauyin shekarar farko ta PA, inda ake zuba darussa masu nauyi shida ko bakwai a zango guda. Idan kwalejinki tana ba da ƙaramin fanni a bayoloji, ki haɗa; Baba ma zai ga sunan a takarda hankalinsa ya kwanta.

Sauran a gurguje. Kimiyyar lafiya da kimiyyar motsa jiki sukan ƙunshi anatomi da fiziyoloji, suna da sauƙin haɗawa da aiki, amma ki duba irin kemistirinsu. Lafiyar al'umma tana da amfani, sai dai kimiyyarta ba ta da yawa, matsalarta irin ta halayya ce. Ilimin abinci mai gina jiki yana kai mutum har bayokemistiri, amma tun Janairun 2024 sai da digiri na biyu ake zama ƙwararren mai tsara abinci mai rajista. Injiniyanci da kemistiri zalla, kwamiti ba ya ƙara wa kowa maki don fanninsa ya yi wuya, 3.1 tana nan a 3.1.

Awannin asibiti

Wannan ne ya raba neman PA da neman likitanci, shi ne kuma ya kamata ya shiga lissafin zaɓin fanni tun yanzu. CASPA ta raba ƙwarewa gida biyu: wadda kike da alhakin kula da mara lafiya kai tsaye, da wadda kike aiki a asibiti amma ba ke ke kula da shi ba, kamar karɓar baƙi ko shigar da bayanai. Ta farkon ce mai nauyi. Wasu makarantun ba su sa adadi ba, da yawa suna neman awa 500 zuwa 2,000, Duke 1,000 take nema, waɗanda ake ɗauka kuwa da yawansu sun haura 2,000. Ayyukan da ɗalibai suka fi samu su ne CNA, mai taimaka wa nas, wanda horonsa na 'yan makonni ne. EMT, ma'aikacin motar asibiti, horon kamar zango guda. Mai ɗibar jini. Da mai taimakon likita a kilinik, wato medical assistant, wanda aikinsa daban ne da na PA. Aikin rubuta wa likita bayanan mara lafiya yana koyar da abubuwa da yawa, amma ba kowace makaranta ke saka shi a rukunin farko ba.

Ki yi lissafin da kanki. Awa 20 a mako har mako 50 shi ne 1,000. Kwana ɗaya na awa 12 a kowane mako zai kai ki can a mako 84, kusan shekara ɗaya da wata bakwai. Cikakken aiki na awa 40 yana ba da 2,000 a shekara. Shi ya sa da yawa suke yin shekara ɗaya ko biyu suna aiki bayan digiri kafin su nema, kuma babu aibu a ciki. Fannin da ke da lab uku a mako ba zai bar miki awa 20 ba. A takardun da nake dubawa, abin da ya fi ɓata GPA shi ne zangon da aka haɗa oganik da maikrobayoloji da aikin dare. Taura biyu ba ta taunuwa. Darasin lab biyu a zango shi ne iyaka ga mai aiki, a zangon oganik ma ki rage awannin. Ki buɗe littafi tun ranar farko kina rubuta kwanan wata, awanni, sunan mai kula da ke, da abin da kika yi da hannunki, domin wasu makarantun suna neman shaida. Hausarki ma jari ce, musamman a Bronx. Ki rubuta ta a fom, ki kuma faɗi inda kika yi amfani da ita da marasa lafiya.

Ki nemi PA ki bi shi ki ga aikinsa, ko da awa 20 zuwa 40 ne. Yawancin makarantu wasiƙar shaida uku suke so, wasu sun ce ɗaya ta fito daga PA ko likita. Jarrabawar GRE ta shiga digiri na biyu kuwa makarantu da yawa sun daina nemanta, 'yan kaɗan suna neman PA-CAT, jarrabawar shiga makarantar PA, kada ki kashe kuɗi a kan ko ɗaya sai kin fitar da jerin makarantunki. Akwai kuma tsarin shekara biyar a haɗe, kamar na Duquesne da Gannon a Pennsylvania, amma daga sakandare aka fi shigarsa, ke ya riga ya wuce ki. Ƙannenki za ki gaya wa.

Maganar ɗan kawunki

A Ghana PA digirin farko ne na shekara huɗu, ana shigarsa kai tsaye, Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasar ce ke ba da lasisi, don haka tambaya irin taki ba ta taso masa ba. Amma takardarsa ba za ta ba shi damar zama jarrabawar PANCE ba. Sai wanda ya gama makarantar da ARC-PA ta amince da ita, kuma wannan ya shafi har cikakken likitan da ya yi karatu a wata ƙasa. Idan yana so, sai ya kai sakamakonsa a tantance darasi-darasi a wurin irin su WES, ya nema kamar kowa. Makarantu da dama za su ce ya sake darussan sharaɗi a Amurka, wasu su ce awanninsa ma na nan suke so, wasu kuma ba sa ɗaukar wanda ba ɗan ƙasa ba ko mai katin zama na dindindin. Bizar ɗalibi ta F-1 ba ta barin aiki a wajen makaranta sai da izini na musamman, kuma mai ita ba ya samun bashin karatu na gwamnatin tarayya. Ya san wannan kafin ya sayar da komai.

Abin da zan ce ki yi a wannan zangon

Ban ga takardar sakamakonki ba, kuma sharuɗɗan makarantu suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka shafin kowace makaranta shi ne hujja, ba maganata ba. Ki zaɓi makarantu goma da za ki iya zuwa da gaske, ki fara da na kusa, kamar na York College da na Makarantar Likitanci ta CUNY. Ki zana tebur, makarantu a gefe, darussa a sama, da mafi ƙarancin maki da awanni. Sannan ki ɗauko manhajar bayoloji da ta halayya ta kwalejinki, ki jera sauran zanguna shida da kowace, ki ga wacce ke ɗaukar darussan sharaɗin ba tare da lab uku sun haɗu ba. Ki lura da tsari: kemistiri na biyu kafin oganik, oganik kafin bayokemistiri, wato zango uku a jere, don haka ba a jinkirta shi.

Da ni ce a matsayinki, da wannan C ɗin da kuma son da kike yi wa fannin, halayyar ɗan Adam zan bayyana tare da ƙaramin fanni a bayoloji, in yi horon CNA ko EMT a hutun bazara mai zuwa, in bar kemistiri na biyu ya gwada ni. Idan kika fito da A ko B mai ƙarfi, ki ci gaba a haka. Idan wata C ta sake fitowa duk da kin ba shi lokaci, ki zauna da Gwaggo ku yi maganar jinya da gaske tun kafin shekara ta uku, lokacin da sauya fanni bai fara cin kuɗi da zanguna ba. Duk shekarar da za ki nema, ki tura fom ɗin CASPA a Mayu ko Yuni, domin makarantu da yawa suna duba takardu ne yadda suke shigowa, kujeru sukan ƙare tun ranar rufewa ba ta zo ba.